Ramin Auta

Zuwa ga Sajan,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Tela ne ke rubuta mini, na ce ya sa yadda na faɗa, kada ya yi wa maganata ado.

Tun ranar da aka ce an harbe Auta a bakin daga na haƙa masa rami kusa da kabarin uwarku. Ba wanda ya mutu a gidan nan da ban san makwancinsa ba. Hafsan da ya kawo labarin ya ce gawar na cikin jirgin sojan da kake wa lodi. Na ce madalla, yayansa ne zai kawo shi. Jirgin ya sauka, na tsaya bakin wayar shingen filin jirgi har rana ta faɗi. Na ga an sauke masu rauni da mata, ban ga akwati ba. Kai ma ban gan ka ba. Ina ƙanenka?

Ka huta lafiya.
Ubanka.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara maka lafiya. Na hango ka bakin waya, ƙafata ce ta ƙi zuwa.

Da hannuna na loda Auta, shi da sauran gawarwakin, a kan faranti ɗaya na ƙarfe, irin wanda muke jera kaya a kai, na ɗaure. Muna shirin tashi aka fara yi wa filin jirgin ruwan bama-bamai. Motar asibiti ta kama da wuta a gabana, direban na ciki yana dukan gilashi. Jama'a suka yo kan ƙofar bayan jirgin, suna taka juna. Injinmu ɗaya ya mutu. Matuƙi ya daka mini tsawa, ko in rage nauyi ko mu ƙone gaba ɗaya.

Na yanke igiyar, Baba. Farantin a kan tayoyi yake, turi ɗaya ya ishe shi.

Ka yafe mini.
Ɗanka.

Sajan,

Tela ya ce sai an fara da gaisuwa. To, ya sa tasa, ni ba ni da ita.

Duk faɗin jirgin nan ba ka ga abin jefarwa ba sai ƙanenka? Yaron da ka goya har bayanka ya yi kanta? Gwamnati ta koya maka awon kaya, shi ne ka auna ɗan uwarka kamar buhu. Kakanka da ya rasu, a kaina na ɗauko shi daga jeji, yana wari, ban ajiye shi ba. Kada ka tako gidan nan sai da Auta.

Ubanka.

Baba,

Gaisuwa mai yawa, ko ba za ka amsa ba.

Harsashi na fara zubarwa, da kujeru, da kayan gyara. Ba su isa ba. Da na tura farantin, akwatin Auta ya fashe a kan kwalta muna gudu, na ga hannunsa, wanda lauje ya yanka a gonarka. Inda ya kwanta na shimfiɗa wata mata da ƙafarta ta guntule, jaririnta a ƙirji, da wani soja yana tallafe da hanjinsa. Wani dattijo ya maƙale wa ƙofa tana rufewa. Da takalmi na taka yatsunsa har ya saki. Hularsa irin taka ce.

Ana neman masu komawa filin da muka baro Auta. Jiragen da suka koma ba wanda ya dawo, shi ya sa ba a tilasta kowa. Na ba da sunana. In na samo shi, shi ke nan. In ban dawo ba, ka san na je.

Allah ya bar mana kai.
Ɗanka.

Ɗana,

Ina gaishe ka. Wannan tawa ce, ba ta Tela ba.

Yau na shiga ramin na kwanta. Daidai ni, ko ƙari babu. Nawa ne.

Ka janye sunanka. Ka zo ka faɗa mini inda Auta ya faɗi, gabas ko yamma, me ke kusa da shi. Zan riƙe wurin a matsayin makwancinsa.

Kada ka sa in sake haƙa wani.

Ubanka.