Lallen da Ya Yi Fure a Bokiti

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar taki? Ya Baba da ƙannena?

Lafiyata lau. Aikin wanki ya ɗan ci mini hannu, amma kada ki damu.

Irin lallen da kika ƙulle mini ya tsiro a tsohon bokiti. Na riƙa cika masa ruwa har ganyen ya fara zuba. Tsohuwar maƙwabciyata ta ce, "'Yata, bar shi ya ji ƙishirwa." Yanzu ya yi fure, ƙamshinsa har bakin matakala. Saboda shi take shigowa hira, ni da ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Na gode, Inna, Allah Ya saka. Ki aiko da wani irin, na yi mata alkawari.

'Yarki