Kwaɗo a Kwandon Iya Tabawa

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da mai ɗakinka da yara. Yaya zafin Baga, yaya aiki? Mu nan Tiga lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, na yi ɓarna. Ka san Iya Tabawa, tsohuwar nan ta Dangora mai sarin kifi a wurina. Ran nan na cusa mata busasshen kwaɗo a ƙasan kwando, wai in ta gani ta biyo ni da zagi mu sha dariya. Ashe a tsakiyar kasuwa za ta juye kwandon, gaban masu saye. Yanzu yara na kiranta mai kwaɗi, ta daina fitowa. Da na je ban haƙuri, cewa kawai ta yi, "Allah ya shirye ka, ɗan nan." Wallahi gara ta mare ni.

Ni ma masu sari sun ja baya. Na tara abokan sana'a na ce su faɗa mini aibina tsakani da Allah, sai suka fashe da dariya, wai wace tsiyar kuma na ƙulla.

Kai kaɗai ne shirmena bai taɓa ba ka dariya ba. Don Allah ka rubuto mini gaskiya komai ɗacinta. Me zan gyara a halina da sana'ata? Kuma yaya zan mayar wa tsohuwar nan kasuwarta?

Ka sa ni a addu'a. A gaida Kawu Sale.

Ƙaninka,
Ɗanlami