Yaya Sule Ya Bar Layi Ne Don Injin Wuta

Zuwa ga Mai Girma Direktan kamfanin sufuri da ke unguwar Nyékonakpoè, Lome,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya ku da iyali. Sunana Ɗahiru, tela ne ni a Zongo, ƙanin Sule makanike da kuka dakatar ranar Litinin. Sau uku ina zuwa ofishinku mai gadi yana cewa kun fita, alhali ga motarku a inuwa. Shi ya sa na rubuto a fili. An ce bakina ya fi ni sauri. Ku yi haƙuri da bakin, ku duba maganar.

Na ɗaya, abin da ya faru. Ranar tarbar manyan baƙi an jera ma'aikatanku cikin anko don animasiyo, wato waƙa da rawar jam'iyya. Tun hantsi suke tsaye har azahar ta gota. Ana tsakiyar jawabi Yaya Sule ya bar layi. Ban musa ba. To amma ina ya tafi? Kunnensa ne ya jiyo injin wutar da ke riƙe da lasifika yana tari. Ya durƙusa da sabuwar atamfarsa ya gyara, jawabi ya kai ƙarshe murya ba ta ɗauke ba. Shef ɗinsa, wato shugabansa a gareji, bai rubuta wannan ba. Abin da ya saka a dosiye, wato fayil ɗin aikin Yaya, shi ne "raina jam'iyya". Kun fi ni sanin nauyin kalmomin nan biyu. Wanda aka liƙa wa su, ko wankin mota ba mai ba shi a garin nan, ga mata da 'ya'ya uku, ga Innarmu.

Na biyu, sauran laifuffukan da aka jera masa: makara, mantuwa, katse wa manya magana, saurin fushi. Duk na yarda, ɗaki ɗaya muka tashi. Zai ce maka minti biyar ya dawo, sai la'asar, kuma wallahi har ransa minti biyar yake gani. Zai birkice gida yana neman sifana tana aljihunsa. Ko a huɗuba ƙafarsa ba ta daina rawa. Ka yi masa faɗa kaɗan, ya kwana uku abin na cin sa. Amma mutumin nan in ya sa kai cikin inji, abinci ya huce a gefensa bai sani ba. Malalaci yana haka? Inna ta gaji da karɓo masa rubutu. Ni kaina na sha ce masa sakarai, yau ina jin kunyar hakan.

Na uku. Ban yi nisa a makaranta ba, karatuna a tsofaffin mujallun da ake shigowa da su ta kan iyakar Aflawo na koye shi. A cikinsu na ci karo da bayanin wata lalura da likitoci ke kira ADHD, ƙarancin natsuwa. Da na ɗauka ta yara ce masu hawa tebur. Ashe tana bin mutum har girma, sai dai ta sauya kama: lokaci ya riƙa sulale masa, tsayuwa wuri ɗaya ta zama azaba, magana ta riga shi fita, abin da yake so kuwa ya haɗiye shi ɗungurungum. Na fassara wa Yaya. Sai ya tambaye ni ko ke nan ba lalatacce ba ne shi. Mutum mai shekara talatin da takwas, ranka ya daɗe.

Ni ba likita ba ne, mujalla ma ba likita ba ce. Wataƙila wannan ce, wataƙila damuwa ce ko wata cuta daban. Amfanin gwaji ke nan: a san abin da ake fama da shi. In ita ce, akwai dabarun zama da ita. In ba ita ba ce, mun huta da zato. Ku ma ban ce mugunta kuka yi ba. Abin da aka kawo muku a takarda kuka sa wa hannu, kuma na san akwai na sama da ku da ke duba takardun.

Roƙona uku ne. A ba shi takardar kamfani ya ga likitan da ya san lalurar ƙwaƙwalwa, kafin a yanke hukunci. A goge kalmomin nan biyu, ko a rubuta gaskiyar inda ya je a ƙarƙashinsu. In kuma an sake taro, kada a sa shi a layi, a tsayar da shi kusa da injin. Can zai yi muku yini guda bai motsa ba.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga alƙalamin wanda bai tambaya ba, ya sa ku gama da aikinku lafiya. Akwatin kayan aikinsa yana nan garejinku. Bai yarda na ɗauko ba, wai zai koma.

Wassalam.

Ɗahiru Tela,
Zongo, Lome.