Ba Jiƙaƙƙen Buhun Inna Ne Ya Kashe Batirinku Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya haɗa mana batirin sola,
Yelwa, Yauri.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, Alhaji, da fatan iyali da ma'aikata suna lafiya.

Ranar Larabar da ta wuce, ƙarfe biyu da minti goma na rana, batirin litiyam da kuka ƙara wa solar gidanmu ya ɗauke wuta karo na tara cikin kwana goma sha shida. Wannan karon bai dawo ba. A lokacin akwai daro huɗu na kifi a firizar Inna, mahaifiyata: ɗaya nata, uku na matan da ke saro kifi daga Wara suna ba ta ajiya. Biyu muka zubar. Sauran muka yi musu banda a gaggauce.

Washegari kun tsaya a layin masu kifi a kasuwa kuka ce ƙauyancin mata ne ya kashe batirin. A fili kuka faɗa, don haka a fili zan amsa.

Ni ba injiniya ba ce. Bana na gama digiri a ilimin tsirrai, ina jiran kiran bautar ƙasa. Amma ina da fargaba, shi ya sa tun ranar da aka kawo batirin nake rubuta komai a littafi.

1. Zan fara da namu. Gaskiya ne Inna ta rufa wa batirin jiƙaƙƙen buhu, kamar yadda take yi wa randa. A rana ta goma sha ɗaya ne, ta taɓa shi ta ji kamar tukunyar da aka sauke. Da na yi magana ta ce, "Ɗiyata, abu ya yi zahi, mi ka kashe zahi in ba ruwa ba?" Na cire buhun bayan minti arba'in. Kuskure ne, ban ɓoye ba. Sai dai kafin wannan rana batirin ya riga ya ɗauke sau shida. Ku gaya mini yadda buhun da ba a ɗora ba tukuna ya jawo haka.

2. Wa ya zaɓi wurin? Da mai haɗinku ya ji gidanmu ba a shiga, Baba ya ce zai yi masa sallama ya raka shi ɗakin ƙasa mai sanyi da ke ciki. Mai haɗin ya ce yana sauri, ana jiran sa a Shanga, kuma wayar wutar da ya zo da ita ba za ta kai ba. Ya kafa batirin a rumfar kwano ta waje, taku huɗu daga murhun bandar kifi. Takardar da ta zo cikin kwalin ta ce a nisanta shi da wuta, kada zafin wurin ya wuce digiri arba'in da biyar. Na aro ma'aunin zafi. Rana uku a jere na auna bayan azahar: arba'in da takwas, hamsin, arba'in da tara.

3. Inbatarmu, na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta gida, har yau tana kan saitin tsofaffin batura masu ruwa. Ba a sauya shi zuwa na litiyam ba. Na ɗauki hoton allonta na aika ofishinku tun mako na farko. Amsar da na samu a waya ita ce, "Ke mi kin ka sani ga harkar wuta?"

4. Ranar Asabar kun aiko takarda mu sa hannu cewa ruwa ne ya lalata shi, sannan ku ɗauke shi. Ba zan sa hannu ba. Inna ba za ta dangwala yatsa ba. Batirin kuma yana nan inda kuka ajiye shi.

Alhaji, kifi ya tafi, mun haƙura. Amma shekara ashirin mata suna ba Inna amanar kayansu, yanzu biyu sun janye ajiyarsu, ita kuwa tun ranar maganarku ba ta taka kasuwa ba. Ba zan tafi bautar ƙasa in bar ta da wannan suna ba.

Takardar cikin kwalin ta ce batirin yana adana bayanin duk abin da ya same shi. Ina roƙon a karanta shi a gaban Baba, da shugabar masu kifi, da wani mai gyara wanda ba naku ba. A gyara saitin, a mayar da batirin ciki. In bayanin ya wanke Inna, ku koma layin nan na kasuwa ku faɗa da muryar da kuka yi ta farko. In ya kama mu, ni zan je in faɗa.

Ga abin da har yanzu ban sani ba:

Ko batirin ya mutu ne, ko kariyarsa ce ta kulle shi.
Ko ruwan buhun ya shiga cikinsa ko bai shiga ba.
Ko mai haɗinku ya taɓa karanta takardar da na karanta.
Ko gidaje nawa ne daga nan zuwa Ngaski aka kafa musu batir kusa da murhu.
Ko matan nan biyu za su dawo.

Batun sa hannu ba ya cikin wannan jerin. Wannan na sani.

Allah ya tsare kasuwancinku, ya ba ku ikon faɗin gaskiya ko da ta hau kanku.

Wassalam.

Safiya, 'yar mai firizar kifi,
Yelwa.