Sunan Iya Mai Shara

Lahadi, 3 ga Maris
Na yi wa masu neman baftisma jarrabawa. Goma sha ɗaya sun ci. Iya mai sharar coci ta sake faɗuwa, shekara ta uku ke nan. Na tambaye ta, "Wa zai iya yin baftisma?" Ta tsaya tana murza bakin zane. Amsar layi biyu ce kacal a littafin katekisim, wato littafin koyarwar coci. Ban sa sunanta ba.

Laraba, 6 ga Maris
Taron malaman katekisim a ɗakin bayan coci. Mu huɗu ne, ni da tela da mai kemis da wata malama, duk aikin sa kai. Sabuwar nan malamar firamare, wadda nake kira 'Yar Digiri a raina, ta ce haddar aku nake koyarwa, dole a sa sunan Iya. A gaban Fada, limamin cocinmu! Shekara goma sha tara ina riƙe da wannan aji. Bencin da take zaune a kai ma ni na ƙera shi a shagona. Na ce, "'Yata, tun kina rarrafe nake koyar da littafin nan." Ta ce, "Shi ya sa ya gaji, Baba." Tela ya yi dariya, mai kemis ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya goya mini baya.
Fada ya ce ba zai raba mu ba. Takardar sunaye ta zo masa ranar 16 da sa hannuna da nata, in ba haka ba a ɗage baftismar kowa.

Alhamis, 7 ga Maris
Ba zan sa sunan Iya ba. In aka sassauta wa ɗaya, littafin ya zama ado.

Lahadi, 10 ga Maris
Na tarar 'Yar Digiri ta jera bencina a zagaye, wai don a ga fuskar juna. Na mayar da su layi-layi ni kaɗai, har bayana ya riƙe. Iya tana shara tana tari. Ta ce, "Malam, bana ma sai haƙuri?" Na ce sai haƙuri. Ta ce, "To, Allah ya kai mu baɗi." Yadda take tarin nan...
A gida maman yara ta ce, "Kai da ka tsaya a aji uku na sakandare, wa ya hana ka zama mutum?" Ban ci abincinta ba.

Talata, 12 ga Maris
'Yar Digiri ta zo shago. Ban ba ta wurin zama ba, na ci gaba da goge katako. Ta ce, "Baba, ka taɓa tambayar Iya yadda jikarta ta rasu bara?" Na ce ba ya cikin jarrabawa. Ta ce, "Yana ciki." Ta tafi.

Alhamis, 14 ga Maris
Na je coci gyara ƙafar wani benci, na tarar da Iya. Na tambaye ta. Ba don maganar yarinyar nan ba.
Jaririyar kwana shida gare ta. Suna cikin mota za su asibiti, numfashi ya fara ɗaukewa. Iya ta karɓi robar ruwan direba, ta zuba mata a goshi sau uku. Na ce, me kika faɗa? Ta faɗa mini, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko kalma ɗaya ba ta kuskure ba. Ta ce, "Ai kai ka koya mana, Malam. Ka ce in rai na fita kowa zai iya, har irina da ba a yi wa ba. Na yi daidai?"
Tambayar da na kayar da ita a kai ke nan.
Na ce ta yi daidai. Na ce me ya sa ba ta faɗa ranar jarrabawa ba? Ta ce in na buɗe littafin nan ina kallonta ta saman tabarau, komai guduwa yake yi.
Na dawo ban gyara bencin ba.

Asabar, 16 ga Maris
Na kai takarda. Sunaye goma sha biyu. Dama akwai layi ɗaya da ya rage a ƙasa, ba kyau a bar shi fili. 'Yar Digiri ta sa hannu, ta ce, "Na gode, Baba." Na ce ba don ke ba ne. Na kuma gaya mata yaran ajinta ba su iya Dokoki Goma ba. Ta ce gaskiya ne, in zo in taimaka mata gobe.
Ta sake jera bencin a zagaye. Na bar su. Bayana ne bai warke ba.