Ina Son Ganin Birni Tun Idona Yana Gani

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle. Ni tela ce, ina da ɗan shago a bakin titi, keke biyu da madubi ɗaya. Maigidana ya rasu da daɗewa, yara sun girma. Watannin baya likitan ido ya gaya mini ganina yana raguwa, kuma magani sai dai ya rage masa gudu. Ban faɗa wa kowa ba. Yanzu baƙi da shuɗi mai duhu sai na fito da yadi bakin ƙofa nake bambance su, ina wayancewa da cewa iska nake sha.

Shi ne na ce bari in je babban birni ni kaɗai, in yi 'yan kwanaki. Tun ina budurwa nake jin labarin gadarsa da gidan tarihinsa da kasuwar yadin da aka ce ƙafa kan gaji ba a ga ƙarshenta ba. Ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Na sayi tikiti, na roƙi kujerar gefen taga, na kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha. Ba abin da nake so illa in tsaya in yi kallo, ba mai ce mini mu tafi.

Bakina ne ya ja mini. Na gaya wa ƙanwata, ita kuwa rediyo ma ya shafa mata lafiya. Kafin in farga dangi sun cika shago. Wannan tana son yadin biki, waccan mayafin da zai shiga da takalminta, har guntun ƙyalle suke kawo mini wai in samo irinsa sak, tunda ni ce gwanar zaɓen kala a dangi. Ina karɓa ina murmushi. Sai kuma Gwaggo, yayar mahaifinmu da ke zaune a birnin, ta bugo waya, wai in na kuskura na sauka a masauki tana raye, kada in ƙara kiran ta Gwaggo. Na san gidanta, jikoki ne da baƙi da tukunya. Ko ƙofa ba zan leƙa ba sai an haɗa ni da 'yan rakiya.

In na faɗi gaskiya, za su hana ni tafiya ni kaɗai, masu kawo ɗinki kuma su watse. In na yi shiru, kwanakin su ƙare a neman mayafin wasu. Har na ɗauko tikitin zan mayar, na kasa. Tsoro nake ji, Anti, ban san ko baɗi war haka zan iya ba. Ya zan yi?

Mai Keken Ɗinki

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kada ki mayar da tikitin nan.

Danginki ba mugunta suka yi miki ba. Ba su san abin da kike ɗauke da shi ba, kuma ke kika ɓoye. Amma wannan nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ki zaɓi ɗaya cikin 'ya'yanki, mai riƙe sirri, ki gaya masa komai, ya san masaukinki. Ki koma wurin likita ki tambaye shi kai tsaye ko tafiya ke kaɗai tana da haɗari. In ya ce ba komai, ki hau jirgin rana, kullum kuma ki dawo ɗaki da sauran haske.

Ƙyallayen nan ki mayar wa masu su, ki ce hutu za ki, ba sari ba. Za a kumbura baki, zai kuma wuce. Kasuwa ki shige ta don kanki.

Gwaggo kuwa ƙauna ce ta sa ta faɗa, kada ki yar da ita. Ki ce mata ranar ƙarshe tata ce, ki wuni ki kwana a wurinta. In kin sami zuciya, ki gaya mata gaskiya a ɗakinta. Tsoho ya fi kowa sanin yadda ido ke ja da baya.

Abu na ƙarshe: in kin isa, ki bar waya a jaka. Hoto na masu sake kallo ne daga baya. Ke ki tsaya ki kalli komai sosai, har ya zauna miki a zuciya. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya.