Hoton Kaza da 'Ya'yanta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya kuma ciwon bayan naka? Umma ta ce ka daina ɗaga abin da ya fi ƙarfinka, ko da yake na gaya mata ta bayan kunnenka maganar za ta bi.

Dalilin wasiƙar nan Baba ne. Ba a kwance yake ba, kada hankalinka ya tashi. Ka san tun da ya bar koyarwa ba shi da aiki sai ɗaukar hoton taurari. Bana tarin taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta ya sa a gaba, kwana shida yana tara hotuna, ya haɗe su suka zama ɗaya. Saura gyara a kwamfuta: a bi hoton da burushi, a ɗan haskaka shuɗin hazon da ke kewaye da taurarin, a ƙara wa sararin bayansu duhu don su fito. Kai ma ka sha jin dokarsa: kaɗan-kaɗan kamar mai zuba gishiri, kuma ba a ƙara abin da babu.

Ranar Asabar da hantsi na kai masa shayi, na tarar yana ta goga burushin haske a kan tauraro guda, yana mita wai wurin ya yi duhu. Da ya mayar da ido kan na kusa da shi, sai ya ce wannan ma haka. Duk inda idonsa ya sauka, nan ne duhu. Kafin azahar hoton ya koma kamar an zubar da madara a kan allon. Ya jingina da kujera ya ce yanzu ne ya fito, ya tambaye ni ya na gani. Yaya, mutumin da ya taɓa sa ni na sake gyara sau huɗu saboda ɗigo ɗaya. Na ce ya yi kyau. Allah Ya yafe mini.

Da ya shiga ya kishingiɗa, na buɗe asalin hoton na gyara yadda ya koya mini, na ajiye a madadin nasa. Shi aka buga, aka kai wa abokansa masu kallon sama, suka yi ta yabo.

To garin neman gira na rasa ido. Wata uku muna lallashinsa ya ga likitan ido, da ƙyar ya yarda aka ba mu ranar Laraba. Jiya ya ce a soke, wai mai ciwon ido ba ya irin wannan aiki, ga shaida nan rataye a falo. In na faɗi gaskiya na karya masa zuciya, in na yi shiru da hannuna na hana shi magani. Ga shi kwanan nan ko kallona ba ya yi, in yana mini magana kafaɗata yake duba. Ina jin tsoro ko fushi yake yi da ni.

Don Allah ka ba ni shawara, kaina ya kulle. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Salamun alaikum. Ina fata kowa lafiya, ya Anti da hidimar yara? Na sami amsarka. Ka ce in gaya masa kawai. Daga nesa abin da sauƙi, amma na yi.

Na bari Umma ta fita unguwa, na jera masa hotunan biyu a allo, nasa da nawa, na faɗi komai ina kuka. Bai yi faɗa ba. Ya ce ai tun ranar da aka kawo hoton ya sani. Tsakiyar idon ce ta tafi, gefe yana gani sarai, kuma da gefen ya ga kusurwar hagu ta ƙasa ta yi duhu da yawa. Wai tun ina makaranta hannuna ke yin nauyi a wannan kusurwar, ya yi magana har ya gaji.

Sannan ya gaya mini abin da ban shirya ji ba. Wata biyu da suka wuce ya je wurin likitan shi kaɗai. An ce masa babu tabarau ko aikin tiyata da zai dawo da ganin da ya tafi, sauran ma a hankali zai bi. Ya soke Larabar ne don kada Umma ta ji a bakin wani, a gaban mutane. Hoton nawa ya samu ya fake da shi. Ni da nake ta ɓoye masa, ashe shi ke rufa mini asiri.

Na tambaye shi batun kafaɗa. Ya yi murmushi, ya ce ko na manta abin da ya koya mana a tsakar gida muna yara: tauraro mai rauni ba a kafa masa ido, gefensa ake duba sai ya bayyana. Ya sa na zauna a gabansa, ya juya yana kallon ƙofar ɗakin, ya daɗe a haka. Sai ya ce na rame.

Yau da safe ya sa na rage duhun kusurwar nan, yana zaune kusa da ni, fuskarsa na kallon taga, yana cewa kaɗan-kaɗan. Ban da wannan ban san me zan iya yi masa ba. Umma ba ta sani ba har yanzu, ya ce sai kana nan.

Ka nemi hutu ka zo, Yaya, ka taho da yaran, tun gefen idon nasa yana gani.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta